Giyar Wake a Parkchester

Surukina ya rasu a shekara ta shida da zuwanmu New York. Da safe aka kira, maigidana yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi garejin da yake aikin jera motocin mutane, can kusa da Canal Street. Ya saurara, ya ce "to," ya sake cewa "to," ya ajiye wayar a kan kujera, ya ƙarasa ɗaure takalminsa. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya ce mini Baba ya tafi.

Ba mu da takardun zama. In muka fita ƙasar, mun fita ke nan. Haka aka binne tsohon babu ɗansa na fari a wurin, muka kalli jana'izar ta waya, hoton yana tafiya yana tsayawa.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, amma tsohon bai taɓa taka coci ba sai ranar aurenmu. A al'adar garinsu, idan dattijo ya cika shekara da rasuwa, ana dafa burukutu, ɗansa na fari ya zuba ƙwaryar farko a ƙasa, ya kira shi, ya sallame shi. In ba a yi ba, suna cewa mamacin yana nan tsaye a bakin hanya, bai wuce ba. Maigidana bai yi zancen ba sai da ya rage wata huɗu. Muna cin tuwo ya ajiye lomar da ya yanko.

"Ke 'yar mai dafa giya ce," ya ce. "Ki dafa mini. Ko ƙwarya ɗaya ce."

"Maigida, a nan? A hawa na bakwai?"

"A nan nake. Ina kike so in je?"

Gaskiya ne, da burukutu mahaifiyata ta raine mu. Amma ni kunyar sana'ar na yi ta ji tun ina makaranta, saboda tsamin da ke kama mini yunifom. Iyakar abin da na sani shi ne abin da idona ya gani: a jiƙa dawa, a baza ta a rufe har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa. Kwana nawa, ruwa nawa, wuta yaya, ban taɓa tambaya ba.

Na kira gida. A lokacin tsufa ya fara taɓa wa Mama tunani, ƙanwata ce ke kara mata wayar a kunne.

"Mama, kwana nawa ake barin dawa a ruwa?"

"Har sai ta sha."

"Ta yaya zan gane ta sha?"

Sai ta tambaye ni ko na ɗauko itacen da ta aike ni. Na ce na ɗauko. Ta ce to in shigo da shi, hadari na tasowa.

Ranar hutuna na tafi Harlem, shagon wani Alhaji mutumin Nijar, na sayi jar dawa. Yana ɗaure mini leda ya ce, "Kunu za a dama, Madam?" Na ce e. Na jiƙa ta a bokiti, na baza a faranti na rufe da jiƙaƙƙen tawul, na tura ƙarƙashin gado. Kwana huɗu ko ƙwara ɗaya ba ta motsa ba, sai ɗoyi. Na canza shago, haka. Wata mata ta ce mini wai dawar da ke zuwa nan ta daɗe a sito, ta mutu. Dawa ta uku ta ɗan tsiro nan da can, amma sanyi ya riga ya shigo, babu ranar da zan shanya ta. Na ɗora a kan hita, kafin kwana biyu fumfuna ta rufe ta.

Aikina a lokacin jinyar wani tsohon Bature ne a nan Bronx, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya. Mutum ne mai son hira, ga ido. Wata rana ina goge masa baya ya ce ya lura kwana biyu ba na nan duk da ina nan. Ban san abin da ya sa na buɗe masa cikina ba. Watakila don shi kaɗai ne ba zai kai zancen coci ko masallaci ba. Yana ji ya fara dariya har da tari. Ashe shekara da shekaru ya yi yana dafa giyarsa a ɗakin ƙasa na tsohon gidansa. Da likita ya hana marigayiyar matarsa alkama da sha'ir, sai ya koma gwada mata da duk abin da ya samu.

"Duk ƙwayar da za ta tsiro za ta yi giya," in ji shi. "Wake ma. Mai rowa ne, ba ya ba da zaƙi sosai, sai kin taimaka masa da zuma. Amma ba ya ƙin tsirowa."

Ya sa na buɗe wani kabad na fito da wani ƙaton tulun gilashi da 'yan ƙunshin yis mai sa giya ta tashi. Ya ce in gasa tsiron a oben da wuta kaɗan maimakon shanya. Na rungumo tulun a jirgin ƙasa mai lamba shida har unguwarmu Parkchester kamar na ɗauko jariri.

Farin wake na fara da shi, irin na alala. Kwana biyu da bazawa na ɗaga tawul, sai ga fararen tsiro sun fito ko'ina, sun lanƙwashe. Na zauna a ƙasa ina kallonsu, hawaye na zuba. Na ɗauka an gama.

Da na ɗora a wuta kumfa ya taso ya malale kan murhu, warin ya cika bene. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mace mai kirki da ke aiko mana da abinci duk sallah, ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"'Yar'uwa, daddawa kike yi ne?"

"E, Hajiya, gwadawa nake."

"In ta yi ki sam mini. Na gaji da ta leda."

Na rufe ƙofar na jingina da ita. Ga shi na yi wa mutum na biyu ƙarya.

Bayan mako guda na tace. Launinta kamar ruwan wanke tukunya, ɗanɗanonta kamar an jiƙa ɗanyen wake an manta da shi. Na gwada waken suya, mai ya taso ya kwanta a sama. Na gwada ƙananan waken nan falale da Indiyawa ke miya da su, ta ɗan fi. Kullum na je aiki tsohon zai tambaye ni kamar ɗaliba, ya ce in ƙara wannan, in rage wancan. A ƙarshe na haɗa gujjiya da ƙananan waken da ɗan gero, na zuba zuma, na jefa zoborodo don ta yi ja. Wannan kam ana iya sha. Tana da tsami, tana da ɗan ƙarfi, in ka rufe ido za ka iya yi wa kanka ƙarya.

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Maigidana ya sha giya sosai yana saurayi, kuma kafin in yarda in aure shi sai da ya yi mini alkawarin ya bari. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ba. Amma wa zai ɗanɗana mini in ba shi ba? Ni ce na miƙa masa ludayin farko da hannuna. Ko waɗanda suka lalace ba ya bari in zubar. Ya ce wahalata ce a ciki. Cikinsa ya yi ta kumbura yana ƙugi, muna dariya. Mun yi dariya a watannin nan fiye da yadda muka yi a shekara biyar, shi ya sa ban ga komai ba.

Ranar cikar shekarar ta faɗo Lahadi, a tsakiyar hunturu. Bayan coci na zuba giyar a filas ɗin shayi, na sa ƙwarya a jaka, muka sauka. A tsakanin benayen akwai ɗan fili mai ciyawa da aka kewaye da sarƙa. Muka jira mai gadi ya wuce, maigidana ya tsallaka, ya cire hula, ya durƙusa. Na cika masa ƙwaryar. Ya kira mahaifinsa sau uku da yarensu, ya zuba.

Ƙasar ta daskare kamar dutse. Giyar ba ta shiga ba. Ta bi ta kan matacciyar ciyawar tana tururi, ta gangara kan siminti, ta tsaya a gefen hanya, jajawur. Muka tsaya muna kallonta.

"Bai karɓa ba," ya ce.

"Sanyi ne, Maigida. Ƙanƙara ce a ƙasan. Ko ruwa ka zuba haka zai yi."

"Wake muka ba shi. Mutumin da ya noma dawa duk rayuwarsa." Ya mayar da hularsa. "Ki sake."

Na sake. Da ɗumi ya shigo ƙasa ta shanye, amma ya ce ranar ta riga ta wuce, sai wata shekara, kuma kafin nan gara hannuna ya faɗa. Na ci gaba da jiƙa wake. Na gwada da tsiron masara, na gwada da dabino, har da aya. Tulun ba ya kwana biyu a cike. Na daɗe kafin na yarda da abin da nake gani: ya daina zancen Baba gaba ɗaya, tambayarsa kawai ita ce yaushe za ta nuna.

Ranar da na wanke tulun na kife shi, bai yi faɗa ba. Ya sa rigarsa ya sauka shagon kan kwana, ya dawo da kwalba a cikin takarda. Ta shago ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba sai an jira ta mako guda ba.

Kafin shekarar ta ƙare ya goga motar wani a ginshiƙi, aka sallame shi daga garejin. Ya samu aikin wanke kwanuka, bai yi wata biyu ba. Fasto ya zo ya yi addu'a. Hajiya, da ta riga ta gane komai, ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai ta riƙe hannuna a cikin lif ɗin hawa bene. Tsohon Baturen kuwa 'ya'yansa suka kai shi gidan tsofaffi a wata jiha. Kafin ya tafi ya tambaye ni yadda giyar ta ƙare, na ce ta yi kyau.

Wata rana da yamma na dawo aiki na tarar maigidana ya kwashe kayansa. Ya bar saƙo wurin Hajiya cewa ba ya so in ci gaba da ganinsa haka. Daga baya na ji yana kwana a wani ɗaki a Harlem tare da wasu maza huɗu. Nakan dafa abinci in kai masa ranar Asabar, in na same shi. Wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ba na kusa da shi. Zuwan da na yi na ƙarshe a shekarar, yana zaune a kan benci a bakin tashar jirgin ƙasa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tambaye ni ko na canza makullin gida. Na ce ban canza ba, nasa yana buɗewa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji.

Bai zo ba.