Ranar da Alhaji ya tarar da karnuka a ajinmu

Ina tsaka da nuna wa yara bidiyon tseren karnuka masu jan mutum a kan ƙanƙara, sai ga Alhaji Sani a ƙofa. A saman shagonsa da ke unguwar Liwan nake koya wa 'ya'yan 'yan kasuwarmu lissafi duk Asabar.

Ya daɗe yana kallo.

"Malam, karatu na kawo Hauwa ko kallon karnuka?"

"Alhaji, da tseren muke koyon nisa da lokaci."

Ya ce, "Kashe shi."

Na kai hannu ke nan Hauwa ta miƙe, yarinyar da wata biyu ban ji muryarta a aji ba.

"Baba, kilomita goma sha biyu suke yi a awa, saura talatin da shida. Awa uku ke nan, sai dai in ɗaya ya gaji."

Alhaji ya dube ta, ya jawo kujera ya zauna. "To, in ya gaji fa?"

Bai dai ce ya yarda ba, ya ce zai dawo Asabar. Ku iyaye, da ku ne, za ku bar ni in ci gaba?