Kawuna Sarkin Ciwo

A cikin wata guda kawuna ya yi ciwon suga, hawan jini da gyambon ciki, kuma ban taɓa ganinsa da ƙoshin lafiya kamar lokacin ba.

Mai aski ne shi tun yana saurayi. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, kafin a gama gyara masa ƙeya Kawu ya san sunan kakarsa. Da hannunsa ya fara rawa dole ya rufe shago ya dawo gida, ya zauna a bakin taga kamar kayan wanki. Ya daina tsokana, ya daina dariya. Abin ya ci mana rai ƙwarai.

Ana haka maƙwabciyarmu, wata nas, ta ce ana neman dattijo mai baki a makarantar likitoci. Wasa ake yi wa ɗalibai: a shigar da su ɗaki mai gado da kujeru biyu, su tarar da majinyacin ƙarya, wato dattijon. Farfesar da ke kula da gwajin ta riga ta raɗa masa ciwonsa da wata damuwa da zai ɓoye. Ɗalibin da ya tambaya da kyau har aka faɗa masa ya ci maki. Wanda ya katse majinyaci ko ya zubo masa Turanci, a kaɗa masa ƙararrawa, alamar ya faɗi. Ita Farfesa tana bayan gilashi tana sauraro.

Kawu ya karɓi aikin. Ya iya nishi, ya iya dafe ƙugu, har ɗalibai suka sa masa Sarkin Ciwo. Matsalarsa ɗaya, mai aski ba ya jure shiru. Ɗalibi na fara kame-kame tausayi zai kama shi.

"Ɗana, ba za ka tambaye ni ko ina shan maganin ba? Ai ba na sha."

Da abin ya ishi Farfesa ta kira shi gefe. "Baba, idan ka ƙara ba su amsa, majinyacin kwamfuta zan sa. Shi ba ya tausayi."

Ranar gwaji na gaba aka ce masa direba ne shi mai ciwon ido, yana ɓoye tsoron a karɓe masa lasisi. Wata siririyar ɗaliba ta shigo tana zufa. Ta jero tambayoyi, duk suka wuce ta gefe. Sai ta yi tsit. Kawu ya danne hannuwansa da cinya, ya ƙura wa fanka ido, amsar tana yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro.

Can yarinyar ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa da shi. "Baba, bar batun ido tukuna. Me ya fi damunka?"

Ta yi tambayar da gaske, shi kuwa sai ya manta shi direba ne.

"'Yata, kada a mayar da ni gida in zauna."

Ba a kaɗa ƙararrawa ba. Farfesa ta fito, ta ce ɗalibar ta ci, ta tsaya tana kallon Kawu, sannan ta sunkuya ta raɗa masa magana.

Da yamma ya shigo gida yana taku ɗaiɗai, bakinsa har kunne.

"Ku taya ni murna," in ji shi. "Ranar Litinin ciwon ƙoda gare ni."