Yadda Na Saci Muryoyin Matan Unguwarmu

Ni ba na karatu, ba na rubutu. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamare, ita ke rubuta wannan yadda nake faɗa mata. Na ce kada ta sa sunana, sunayen da za ku gani kuma ba na gaskiya ba ne.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Chinade, aure ya kawo ni Azare. Mijina Malam ɗinkin hula yake yi a bakin kasuwa. Ba mu tara komai ba, amma ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ban kuma taɓa ɗaukar abin wani ba. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa. Har yau in na ambace shi sai na yi kuka. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Dambam. Da na fita takaba sai na kama dillanci, ina shiga gidaje da atamfa da turaren wuta da kwanuka, matan da ba sa fita su zaɓa. Abin da Malam ya bar min mai daraja shi ne wayarsa, irin ta shafawa.

Wuta ba ta zama a unguwarmu. Duk gidan da na shiga da safe sai a ce, "Inna, don Allah ki biya da wayata wurin mai caji." In karɓa, in kai, da rana in karɓo in rarraba. Wata rana na ji wani magidanci yana yi wa matarsa faɗa, don me take ba da waya babu makulli. Ta ce, "Haba Alhaji, Inna ce fa. Ko sunanta aka rubuta mata ba za ta gane ba." Ya yi dariya, ni ma na yi. Abin da duk ba mu lura da shi ba, su ma matan ba rubutu suke aikawa ba. Murya suke aikawa. Masu makulli kuwa zane suke ja da yatsa a gabana, ni da na yi shekaru ina kallon zanen hula, sau ɗaya ya ishe ni.

Kaɗaici ne ya fara ja na. Ɗakina ya yi shiru tun rasuwar Malam. Ran nan da azahar wata waya ta yi ƙara a jakata, na taɓa, sai muryar wata mata tana ba ƙanwarta labarin tsadar wake da haƙorin ɗanta. Na saurara har ƙarshe, na ji kamar baƙuwa na yi. Washegari da kaina na nema. Da hoto nake gane kowa. Ba a jima ba na san mai ƙaramin ciki, na san mai son sayar da zobenta a ɓoye. Sai in je wurinta kamar da wasa in ce ina da mai saye. Ta ce, "Inna, ke kam kamar mai aljanu."

Daga nan na koyi ɗaukar murya. In kunna wayar mutum, in kara ta Malam a gefenta, in danna jan ɗigo. Wadda na fara gwadawa da ita amarya ce da ta zagi uwar mijinta a saƙo. Na je na kunna mata farkon maganar kawai. Ta tashi ta buɗe akwati ta miƙo min turmin atamfa. Na ce wa raina ai taimakon tsohuwa ne, ba ƙwace ba. Haka na bi mata da yawa, babu wadda ta iya gaya wa mijinta.

Hajiya Hindatu ita ce ta ciyar da ni har na gama takaba. 'Yarta Zulaihat ta gama karatun jinya, ta fara aiki, an sa ranar aurenta da yaron da take so. A wayar Hajiya na ji saƙon da ta aika wa yayarta da ke Jama'are. Kuka take yi. Ta ce yarinyar ta sake faɗuwa a banɗaki, farfaɗiyar da take da ita tun tana ƙarama ce, magani yana riƙe ta in ba ta yi sakaci ba. Ta ce yaron ya sani, ya kuma yarda, amma kada danginsa su ji sai an ɗaura, don ta san yadda mutane ke gudun ciwon nan.

Na ɗauka, na je na kunna mata a ɗakinta.

Ta ce, "Inna, ni?"

Na ce, "Ni ban ce komai ba, Hajiya. Zaman duniya ne ya yi tsada."

Ta cire 'yan kunnenta ta ba ni. Na koma, ta ba ni sarƙa. Da na sake komawa ta ce, "Ba ni da sauran abin ba ki. Ki ji tsoron Allah, yarinyar nan a gabanki ta girma."

Gwaggon yaron tana sayen turare a hannuna. Na je wurinta da niyyar ta ji kaɗan, ta yi wa Hajiya habaici, Hajiya ta tsorata. Ta saurara, ta ce in sake kunnawa. Sai na ga ta kara wayarta kusa da tawa. Na ce, "Me kike yi?" Ta ce, "Kunnena ne ba ya ji sosai, Inna, anjima zan saurara a nutse." Kafin la'asar saƙon yana guruf ɗin matan danginsu. Washegari ya zaga gari. Aka aiko a karɓi akwatunan lefe. Yaron ya roƙi mahaifinsa, mahaifin ya rantse ba za a yi auren ba. Zulaihat ta bar aiki, don masu jinya sun daina yarda ta taɓa 'yan uwansu.

Mijin Hajiya ya kai ni wurin 'yan sanda. Da labari ya fita, sauran matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A kotu aka kira wani ma'aikaci mai binciken waya. Ya ce manhajar da matan ke hira da ita tana kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa, babu mai ji a hanya, ko masu manhajar. Alƙali ya ce, "To ta ina tsohuwar nan ta shiga?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shiga ta yi ba. Miƙa mata aka yi."

Aka yanke min ɗauri, aka ce a goge duk abin da ke cikin wayar. Akwai muryar Malam a ciki, saƙon da ya yi wa 'yarmu daga gadon asibiti yana cewa ta kula da ni. Na roƙa a bar min ita kaɗai, ba a saurare ni ba. Ban sake jin muryarsa ba, kuma ni na jawo.

Azumi biyu na yi a gidan yari. 'Yata ta zo sau ɗaya, daga baya mijinta ya hana ta. Wata malama tana zuwa koya mana karatun Alƙur'ani da ka. A gabanta na fara faɗin abin da na yi da sunansa, na daina cewa taimakon tsohuwa ne. Na tuba, ina kan tuba.

Da aka sake ni na je gidan Hajiya. A zaure ta tsayar da ni. Ta ce, "Na yafe miki nawa, don ni ma ina son Allah ya yafe min. Na Zulaihat ba a hannuna yake ba. Tana Jama'are wurin yayata, ba ta yi aure ba."

Na shiga motar Jama'are. Muna cikin tafiya sai na ji kukan Hajiya a bayana. Wata mata ce ke kunna wa ƙawarta. Ɗaya ta ce a Kano abin ya faru, ɗaya ta ce a'a, a Gombe ne. Na juya na ce, "Baiwar Allah, don Allah ki goge wannan." Ta ce, "Inna, in na goge nawa, na mutane fa? A guruf aka turo." Ta ci gaba da kunnawa.

Zulaihat ta fito ta gaishe ni da ladabi, ta tsaya har na gama magana. Ta ce, "Na ji, Inna. Ban shirya ba tukuna. In na shirya zan aiko."

'Ya'yana, ku ji daga bakin wadda ta yi. Ku sa wa wayarku makulli, kada ku ja zanen a gaban kowa, ko da tsohuwa ce mai carbi. In za a kai caji, ku kashe ta. Ku zaɓi manhajar da ke kulle saƙo, ku saita shi ya goge kansa bayan an ji, amma ku sani duk wannan ba ya tsare wayar da kuka miƙa a buɗe. Maganar da in ta fita za ta rusa gida, ku taka ku je ku faɗa baki da baki. In wayar wani ta yi ƙara a hannunku, ku bar ta ta yi ta ƙara. In aka turo muku kukan wata, ku goge, ko da dubu suna da shi.

Yanzu ƙuli-ƙuli nake sayarwa a ƙofar ɗakina, babu gidan da nake shiga. Ranar Juma'a nakan taka zuwa tasha in tambayi direbobin Jama'are ko an ba su saƙona. Har yanzu ba a ba su ba.