Babur ɗin Malamin Dabbobi

Mahaifinmu malamin dabbobi ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana bin rugagen Fulani daga Zango har Sandamu yana yi wa shanu allura, a kan wani jan babur da ko cikin barci muke mun san ƙararsa. Tankin ya lotsa ta gefen hagu, inda wani bijimi ya taɓa kai masa ƙaho, a baya kuma akwai ƙarfen ɗora kaya da maƙeri ya ƙera masa don akwatin magani. Da Baba ya yi ritaya sai babur ɗin ya koma zaure. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya sha koko.

Ranar sadakar uku bayan rasuwarsa, wani Alhaji ɗan kwangila ya zo ta'aziyya. Yana da gidan gona a wajen Sandamu inda yake tara tsofaffin motoci, wai gidan tarihi. Ana addu'a, idonsa na kan babur. Ana shafawa ya ce, "Kai, wannan ƙarfe bai kamata ya ruɓe a zaure ba." Yayana kuwa, mutumin da ko hular kansa babba ya yaba sai ya cire ya miƙa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai naka ne, Alhaji." A gidan makoki fa! Ko tabarmin zaman ba a naɗe ba.

Inna ta ce ba inda za a kai shi. Sai Alhaji ya aiko mata da saƙo cewa zai sa a rubuta sunan Malam a allo a kafa kusa da babur ɗin, duk baƙon da ya zo ya karanta ya yi masa addu'a. Nan ya same ta. Ta ce, "In dai za a riƙa nema masa gafara, a ɗauka." Washegari aka zo da a-kori-kura aka ɗora shi.

Inna irin matan da ne. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Malam take cewa, ko kuma "shi". Ɗan yayana da aka sa wa sunan, Maigida take kiransa. Akwai ranar da na kai ta asibiti, ma'aikaciya ta tambaye ta sunan miji har sau uku, Inna ta kau da kai tana kallon bango, sai ni na amsa. Muna tsokanarta a kan haka, ta ce mu 'yan boko ba mu da ta ido.

Shekara uku bayan nan, da kaka, ta ce in kai ta ta ga wurin, tana so ta ji da kunnenta ana yi masa addu'a. Na kira yayana, ya ce yana da taro. Ranar Asabar! Tun daga nan ya kamata in gane. Na ari motar maigidana na tuƙa mu daga Daura, Inna ta sa sabon mayafi, har da ƙullin goro da za ta aika wa Alhaji na godiya.

A ƙofar gidan gonar hoton Alhaji ne ya tare mu, ya fi ƙofar tsawo. Wani dattijo mai riƙe da sanda, wanda shi ke zagayawa da baƙi, ya ce mu cire takalma. Na ce, "Masallaci ne?" Ya ce dokar Alhaji ce, saboda darduma. Na cire, na taka dardumar nan, ƙafata ta manne. Baƙin mai ne da kashin jemage suka haɗu suka yi danƙo. Wari kuwa ba a magana, fetur, fitsarin ɓera da turaren wuta da aka kunna don a rufe su, wanda ya ƙara dagula lamarin. Sai da na toshe hanci da gyale.

Wata doguwar rumfar kwano ce, motoci jere a kan bulo, tayoyi duk sun sace. Ga fijo, ga bital, ga wata marsandi baƙa da kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Kowace mota an shafe ta da fentin gida, irin wanda ake yi wa ƙyaure, har kan fitilu. Kowace kuma da hoton Alhaji jingine a gilashi, nan yana murmushi, can ya riƙe sitiyari. Na ƙirga hotunansa har na gaji, na bari.

Mun tarar da wasu malaman makaranta da suka zo daga Katsina, maza da mata kamar su goma, sai aka haɗa mu. Dattijon ya fara kai mu ɗakin kayan wasan yara. Akwatunan gilashi ne cike da 'yan tsana na roba, wata ba ido ɗaya, wata gara ta cinye rigarta, sai jirgin ƙasa na gwangwani da ya yi tsatsa. A tsakiya ga motar kara da motar langa-langa, irin waɗanda yayana ke yi a bayan gidanmu, an sa musu kwaɗo. Dattijon ya nuna da sanda ya ce duk Alhaji ya sayo su a Turai. Na ce, "Baba, har karan dawar ma daga Turai?" Ya ce, "Malama, haka aka ce in faɗa." Malaman suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Inna ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta ja hannuna muka wuce su zuwa ƙarshen rumfar, inda aka jera babura. Ni ban gane shi ba, wallahi. An mayar da shi ruwan gwal, an canza kujerar, an ɗaura masa wasu tuntaye a hannu kamar dokin biki. Inna ce ta tsaya cak. Ta zura hannu ta ƙarƙashin igiyar da aka gitta, ta shafa tankin ta hagu, yatsunta suka faɗa cikin lotsawar. Ta ce, "Ga shi nan."

Allon yana nan kuwa, fari, da manyan baƙaƙe. Na karanta a zuci. Wai wannan ne babur na farko da ya shigo yankin, Turawa suka bai wa marigayi mahaifin Alhaji kyauta saboda amanarsa. Ƙarya tsagwaronta! Ina firamare aka sayo babur ɗin nan, Turawa sun daɗe da tafiya. Na duba sama, na duba ƙasa, na leƙa bayan allon. Ko harafi ɗaya na sunan Baba babu.

Inna ba ta karatun boko. Ta ce, "Karanta mini."

Na buɗe baki da niyyar in shirga mata ƙarya, in karanta abin da ya kamata a ce an rubuta, mu tafi gida ranta fari. Har na fara, "An ce wannan babur na malamin dabbobi ne," sai ga dattijon ya iso da mutanensa. Ya buga sanda a ƙasa, ya rero labarin Turawan nan tiryan-tiryan kamar hadda. Ya rufe da cewa, "Jama'a, a yi wa mahaifin Alhaji addu'a, Allah ya jiƙansa." Suka amsa da amin gaba ɗaya.

Ashe haka ake yi kullum. Shekara uku Inna na kwana da tashi da sanyin zuciya cewa baƙi na nema wa mijinta gafara, ashe addu'ar ana kwashe ta ana kai wa wani. Tir! Mutum ya raba marayu da ƙarfe, wannan mun gani mun haƙura, amma har addu'ar mamaci? Na matsa zan wanke dattijon nan tas, ko da yake na san ɗan aike ne. Inna ta riƙe mini hannu.

Ta juya ta fuskanci mutanen. Tsohuwar da ko gaban surukanta ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Bayin Allah, ku yi haƙuri. Wannan babur na mijina ne. Wannan lotsawar ƙahon bijimi ne, ni na wanke masa jinin ƙafarsa ranar." Sannan ta faɗi sunan Baba. Ta faɗe shi cikakke, da na mahaifinsa, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa zai ji. Ta maimaita don kada wani ya ce bai kama ba. Ta ce, "Shi za ku roƙa wa gafara."

Kazar nan ta yi kuka daga cikin marsandi. Wata malama ce ta fara ɗaga hannu, sauran suka bi. Dattijon ya dubi hoton Alhaji da ke rataye, ya dubi Inna, ya jingine sandarsa shi ma ya ɗaga. Wani daga cikinsu ya ja Fatiha, ya ambaci sunan daidai, muka shafa.

Allon yana nan yadda yake, na san gobe ma labarin Turawa za a rera. Ƙullin goron Inna ta ba dattijon, ta ce nasa ne shi kaɗai. A bakin mota na tsaya ina kankare tafin ƙafata da tsinke, ina tsine wa dardumar da mai ita.

Mun kama hanyar Daura. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ina jin numfashinta. Sai da muka kusa shiga gari ta ce, a hankali, ba tare da ta buɗe fuskar ba, "Ke, kina ganin Malam zai ce na yi rashin kunya?"

Na gangara gefen titi na kashe motar, don na daina ganin hanya.