Sabuwar Lambar Malam Sanda

Raudatu 'yar Malam Sanda ce, manomin masara a wani ƙauye bayan Dandume. Tun tana firamare rediyon gidansu bai huta ba, kullum sai ta kwance shi. "Wannan injiniya ce ko maɓarnaciya?" in ji uban. Shi ne dai ya kai ta Funtuwa koyon kwamfuta, dangi na ta surutu, ya toshe kunne.

Ta ƙware kuwa. Ƙungiyar manoma ta ba ta kula da manhajar da ke tura gargaɗi in an hango 'yan bindiga. Kowane ƙauye lambar wayar mutum ɗaya ake sakawa, shi zai shelanta. A ƙauyensu lambar babanta ce.

Manhajar tana gudana ne cikin abin da suke kira kwantena, a wasu kwamfutoci can nesa. Duk sanda kwantenar ta sake tashi, sai ta ɗebo lambobi daga babban saiti, ta rubuta wa kanta sabon fayil, ta share tsohon. Raudatu ta san wannan kamar yunwar cikinta, ai ita ta tsara shi.

Da damina layin wayar malam ya lalace, ya sayi sabo, ya kira ta.

"Yanzu zan gyara, Baba."

Tana sauri, ga mai babur na jira. Maimakon ta canza a babban saiti, sai ta buɗe fayil ɗin cikin kwantenar ta gyara da hannu, wai gobe ta ƙarasa. Ta gwada, saƙo ya shiga. "Allah ya yi miki albarka," ya ce. Kaico, goben nan sai ta manta.

Bayan sati uku kwantenar ta sake tashi, ta yi aikinta tsaf yadda aka koya mata, ta dawo da tsohuwar lamba. Wata Laraba da hantsi gargaɗi ya fita, ƙauyuka goma sha ɗaya suka kwashe mutanensu daga gona. Na ƙauyensu kuwa mataccen layi ya tafi, Malam Sanda na can gona yana maimai shi da mutum shida. 'Yan bindiga suka afka musu, ba wanda ya dawo da ƙafarsa.

Kowa ya ce ƙaddara ce. Ita ta buɗe fayil ta gani da idonta, ba ta faɗa wa kowa ba, kuma abin na cin ranta har yau.

Ran addu'ar uku ta zauna a ɗakin mahaifiyarta, ta gyara lambar a babban saiti yadda ya kamata, ko da yake ba sauran amfani. Manhajar ta tura saƙon gwaji. Wayar malam, wadda aka tsinto cikin masara, ta yi ƙara a kan gado.

"Raudatu, duba," in ji Inna. "Wa ke neman malam?"