Bakwai Ta Danja Ce

Ɗan kawuna ya saci lambar da na raba, ya zura ido aka dakatar da ni a kanta, alhali ni na roƙa masa aikin. Abin da ya yi mini ke nan, ba zan sakaya ba.

Lokacin ina kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, zamanin mulkin farar hula na biyu. Kowace kasuwar auduga tana da lambar da take kira da ita a oba-oba, wato akwatin magana ta iska, in kaya sun taru tana son mota. Ni ke raba lambobin. Ban yi nisa a boko ba, amma dokata ɗaya ce: lamba ta kasuwa ce, ba ta akwatin magana ba. Akwatunan ba su kai yawan kasuwannin ba, yau a ɗauke wannan a kai can, kuma duk inda ya sauka da lambar garin zai yi magana. Kada dai baki biyu su amsa lamba guda.

Danja ce bakwai, ita ake fara tura wa mota. Ɗan kawun nawa kuwa yana Kafur da tara. Ashe sammako yake yi kafin malamin kasuwar Danja ya jona batir, ya toshe hanci ya kira da bakwai, ya ce yau ba su da kaya, a wuce da motar Kafur. Da hantsi kuma sai ga bakwai ta gaskiya tana kukan ina mota, gara ta fara cin buhuna. Manaja, wani Bayerabe haifaffen Funtuwa, ya ce ni na ba wuri biyu lamba ɗaya, in je gida in huta. Ɗan kawun nan har gida ya zo yi mini jaje, ya ci tuwona.

Na ari babur na tafi Danja, na ce wa malaminsu daga gobe shi sha biyu ne, bakwai ta mutu. Manaja kaɗai na gaya wa, na roƙe shi ya bar ni in zauna kusa da akwatin ofis da safe. Rana na fitowa sai ga matacciya ta yi kira ta hanci. Da ma ina zargin mai hancin, sai na karɓa na ce, "Bakwai, yaya kawu da ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji shi, da muryarsa ta gado. Bahaushe ba ya iya barin gaisuwa a ƙasa. Manaja ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce in koma bakin aikina.

Da la'asar na sami ɗan kawun nan a Kafur yana kan buhu, ya miƙo hannu wai ai wasan taubasai ne. Ban karɓa ba. Na ce, "Ɗan kawu, ni na ba ka aiki, ni na ba ka tara. Ka riƙe ta da kyau, don daga yau ko a gidan suna muka haɗu, da ita zan kira ka."