Jar Rigar Sanyin Yaya

A gidanmu ba a kai tari asibiti. In ɗari ya kama mutum, a dafa masa citta da kanumfari da masoro, a mulke ƙirjinsa da man shanu mai ɗumi. In tarin ya ƙi tafiya, sai turare: a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa tazargade, mutum ya tsuguna a kai, a lulluɓe shi da gwado har ya yi gumi. Haka aka yi wa kakarmu, haka aka yi mana, ban taɓa jin wanda ya ƙone ba.

Shekarar da yayata ta zo daga Sandamu ta yi hunturu a wurina, ni da ɗana da 'yata, tari ya sa ta a gaba. Mijinta ya rasu, saƙar faifai ce ke ci da ita, ba ta da wata gona sai hannunta. Ɗana ya sayo mata rigar sanyi a gwanjo, irin mai kumburin nan mai santsi, ja wur.

Na ce, "Yaya, kin koma tumatir."

"Baƙin ciki kike yi, ke ba a sayo miki ba."

Ko barci za ta yi ba ta cire ta.

Ranar, bayan la'asar, ina yafa mayafi zan tafi ajin yaƙi da jahilci, ta ɗebi garwashinta ta tsuguna a tsakar gida, ta ja gwado ta rufa. Ba wanda ya ce ta tuɓe rigar. Don me za ta tuɓe? Ai sanyi ake kora.

Wari na fara ji, irin na ledar da aka ƙona a bola. Sai ihu. Na fizge gwadon. Wallahi ban ga harshen wuta ba. Hannun rigar ne ke narkewa yana ɗiga kamar kitse, yana liƙe mata a fata tun daga gwiwar hannu har yatsu. Zanen jikinta na auduga ko baƙi bai yi ba. Tufa ta narke? Duk tsufana ban san ana yi ba.

Na kai hannu na ja rigar, fata ta biyo. Na saki.

Maƙwabciyata ta shigo da gudu. "A fasa ƙwai! A kawo gishiri!"

Na ce, "Ki kai gishirinki miya!"

Randa na karkato, na yi ta kwara mata ruwa, tana tari tana kiran sunan Allah. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Da almakashi suka raba ta da rigar, ma'aikaciyar jinya tana cewa irin wannan yadin ɗan'uwan roba ne, ba a kai shi kusa da wuta. Na ce to wa ya gaya mana? Mai gwanjo cewa yake tana da ɗumi, shi ke nan.

Ciwon ya warke, amma yatsu biyu sun ƙanƙance ba sa miƙewa. Da ta dawo gida na jiƙa mata kaba, na sa mata allura a hannu. Ta soka, allurar ta zame. Ta sake, allurar ta faɗi ƙasa. Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta turo mini kabar da ƙafa.

"Kai wa 'yarki ta koya. Ni zan riƙa faɗa mata da baki."